Malama ta ƙi faɗa wa 'yata abin da za ta gyara a mujallarta

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Ingila. 'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe ta A-level, wato karatun shekara biyu na share fagen shiga jami'a, kuma cikin darussanta uku akwai nazarin kafafen yaɗa labarai. An ba su aikin haɗa mujalla da kansu, wato bango, da shafin jerin abubuwan da ke ciki, da labari mai shafi biyu. Takardar umarnin ta ce matasan Birtaniya 'yan shekara 16 zuwa 25 za a yi wa. Yarinyar nan ta zage ta yi mujallar sutura da kwalliya irin tamu. 'Yar yayata ta ɗauka a hoton bango, da atamfa da ɗaurin ɗankwali da ƙunshi har gwiwar hannu, ta sa kanun labarai tara kowanne da launinsa, biyu daga ciki da Hausa. Ni da na gani sai da na yi ƙwalla. Amma malamarsu, Baturiya, ta dawo mata da shi da layi uku kacal. Wai ido bai san inda zai fara sauka ba a bangon. Wai ta koma ta karanta takardar umarni ta tambayi kanta wa take yi wa magana. Wai hoton yana da ƙarfi amma rubutu ya danne shi. Na rubuta wa malamar na ce ta faɗi takamaimai abin da za a cire da abin da za a bari, ta ce ba ta da ikon yin haka. Yarinya ta daina cin abincin kirki, ta ce malamar ba ta son kayanmu ne. Ƙanena yana da shagon zane da ɗab'i a Kaduna, ya ce a turo masa ya gyara a dare ɗaya. Maigida kuma ya ce dama da kimiyya ta karanta. In kai ƙara wurin shugaban makaranta ne, ko in tura wa kawunta?

Wata uwa daga Ingila

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya miki ita, ya sa ta gama lafiya.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada ki tura wa kawunta. Kada ki tura bangon, kada ki tura hoton, ko da sunan ya duba mata kawai. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, 'yar yayarsa ce tana kuka kuma yana da abin yi a hannunsa. Sai dai wannan aiki ba aikin gida ba ne irin wanda ake bayarwa Juma'a a karɓa Litinin. Ɓangare ne na jarrabawar kanta. A Ingila, ko hukumar jarrabawa ta AQA makarantar take bi, ko OCR, ko Eduqas, wannan aikin hannu shi ne kashi 30 cikin ɗari na sakamakon darasin, sauran kashi 70 kuma takardu biyu ne da za ta zauna ta rubuta. Ranar da za ta miƙa shi za ta sa hannu a kan takardar shaida cewa aikinta ne ita kaɗai, malamar ma za ta sa nata hannun. Majalisar da ta haɗa hukumomin jarrabawar ƙasar, wadda ake kira JCQ, ta rubuta wa ɗalibai ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya samu taimako daga wani da ba malaminsa ba, dole ya sanar da malamin. Wanda aka kama ya ɓoye, hukuncin yana farawa daga a ba shi sifili a aikin, ya kai ga a soke masa darasin gaba ɗaya, wani lokaci har sauran darussan. Kuma ganewa ba ta da wuya. Malamar nan ta yi watanni tana kallon aikin yana girma a gabanta, ta san hannun 'yarki. Bangon da ya kwana a Kaduna ya dawo da safe da gogewar wanda ya shekara ashirin yana buga kalanda da katin biki, da kallo ɗaya za ta san ba nata ba ne. Daga nan kin saka yarinyar a tsakanin ƙarya da tonon asiri, alhali ba ita ta nema ba.

Ki yi wa kawu godiya sosai, ki ce masa doka ce ta hana. Idan sakamako ya fito a watan Agusta, sai a tura masa ya buga mata kwafi masu kyau a raba wa dangi. Nan ne gwanintarsa za ta yi mata amfani.

Yanzu maganar malama. Da ta ce miki ba ta da iko, gaskiya ta faɗa miki, ba kauce-kauce take yi ba. Dokar wannan irin aiki ta yarda malami ya duba abin da ɗalibi ya yi, ya ba shi shawara ta gaba ɗaya a baki ko a rubuce, sannan ɗalibin ya koma ya gyara da kansa. Abin da ta hana shi ne malami ya zauna ya ce cire wannan, mayar da wancan ja, ɗaga wannan sama, domin daga nan aikin ya zama na malami ke nan. Idan ya ba da taimakon da ya wuce iyaka, dole ya rubuta cewa ya bayar, kuma ya yi la'akari da shi wajen ba da maki, ma'ana makin ya ragu. Ashe ke nan da malamar ta biya miki buƙatarki, 'yarki ce za ta yi asara. Akwai kuma wani ido a saman malamar. Bayan ta ba da maki, hukumar jarrabawa tana zaɓen wasu ayyuka daga ajin ta ba wani mai tantancewa wanda bai san kowa ba. Idan ya ga makarantar ta yi sakaci ko ta yi rangwame, yana iya jawo a sauya makin ajin baki ɗaya. Malamar da ta san aikinta ba za ta yi wasa da wannan ba.

Na fahimci dalilin da ya sa abin ya yi miki zafi. Mu mun taso ne malami ya ɗauki jan biro ya bi layi-layi, ya soke, ya rubuta daidai a sama, kuma a wurinmu wannan shi ne kulawa. Wanda ya ba ka layi uku ya juya, sai ka ga kamar bai damu da kai ba. Amma ki sake karanta layukan nan uku a natse. Ni da na karanta su, na ga macen da ta zauna ta kalli bangon da gaske, ta auna kalamanta, ta faɗi iyakar abin da doka ta bar ta ta faɗa. Kuma tunda haka ne, ni ma ba zan ce a cire kanu kaza a bar kaza ba. Abin da zan iya shi ne in nuna miki abin da kowane layi yake nufi, da hanyar da yarinyar za ta bi ta gano amsar da kanta.

Layi na farko ya ce ido bai san inda zai sauka ba. Bangon mujalla ba a yi shi don a zauna a karanta ba, an yi shi ne don ya kama mai wucewa. Ki ɗauke ta ku je babban kanti ko ɗakin karatu na unguwa, ku tsaya nesa da kantar mujallu kamar taku biyar, ku kalla. Za ta ga sunan mujalla a sama, babba, ana karanta shi daga nesa. Za ta ga fuska ɗaya, yawanci idonta a kan mai kallo. Za ta ga kanu ɗaya da ya fi sauran girma, shi ne labarin da ake so ya sayar da fitowar, sauran kuma sun ja baya sun ƙanƙance sun jeru a gefe. Ta ƙirga launukan rubutun, da wuya su wuce uku, kuma sau da yawa daga cikin hoton aka tsamo su, daga rigar ko daga janbakin. Ta ƙirga nau'in haruffa, biyu ne ko uku. Ta lura da yadda ake cusa muhimman abubuwa a gefen hagu, saboda a kanta mujallu suna hawa kan juna, gefen hagun ne kawai yake leƙowa. Ta ga inda aka ajiye farashi da kwanan wata da lambar fitowa. Duk wannan an koya mata a aji, amma ganinsa a kanta daban ne. Kin san jeren ɗakin amarya. Mai jeren da ta iya ba ta fito da duk abin da ke cikin akwati ta baza, tana zaɓen abin da mai shigowa zai fara gani, sauran su mara masa baya. Kanu tara masu launi tara a kan atamfa, wadda ita kanta ta zo da nata launukan da zanenta, kowa yana neman a fara ganinsa.

Idan kun dawo gida, ta buga bangon nata a takarda mai girman A4, ba a fuskar kwamfuta ba, ta jingina shi a tsakanin mujallu uku ko huɗu na gaske, ta ja baya. Sannan ta nuna wa matasa kamar goma waɗanda shekarunsu suka faɗa cikin abin da takardar umarni ta ce, kowa ya kalla na daƙiƙa biyar ta kife. Ta tambaye su abu uku: me ka fara gani, mujallar mece ce wannan, kuma wa kake ganin aka yi wa ita? Ta rubuta amsoshin yadda aka faɗa, kada ta kare kanta, kada ta yi bayani. Wannan binciken masu karatu ne, aikin da mai shirya mujalla yake yi, kuma ta faɗa wa malamar ta yi shi. Sharaɗi ɗaya ne, kada goman nan su zama duka 'yan gida da 'yan Islamiyyarsu. Ta sa 'yar Somaliya, ta sa 'yar Bangaladash, ta sa Baturiya, ta sa namiji.

Wannan ya kawo mu layi na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne yarinyar ta ji kamar an mare ta. Wa kike yi wa magana? Ita ta ji kamar an ce mata mutanenki ba su cancanci mujalla ba. Ba haka aka ce ba. An ba ta masu karatu ne a takarda, matasan Birtaniya 'yan 16 zuwa 25, kuma wani ɓangare mai tsoka na makin yana kan ko ta yi musu magana. Na yi imani lokacin da take haɗa bangon nan, ke take gani a ranta, da 'yan uwanta, da kakarta a Kano. Shi ya sa ya sa ki ƙwalla. Ya isa inda ta aika shi. Sai dai takardar ta ce a aika shi wani wuri da ya fi wannan faɗi.

Cikin masanan da ake karantar da su a darasin akwai Stuart Hall, haifaffen Jamaika a 1932, wanda ya yi aiki a Jami'ar Birmingham. Ki ambace shi za ki ga ta ɗago kai, don ta san shi. Abin da ya koyar shi ne mai shirya saƙo yana ɗura ma'anarsa a ciki, amma mai karɓa da nasa sanin da tasa rayuwar yake kwance ta. Wani ya karɓa yadda aka nufa, wani ya karɓi rabi, wani ya ƙi gaba ɗaya. To yarinya 'yar shekara 19 a Leeds wadda ba ta taɓa jin Hausa ba, idan ta ga kanu biyu da ba ta iya karantawa, me za ta kwance? Tana iya jin sha'awa ta matso. Tana iya cewa wannan ba tawa ba ce ta wuce. Wanne daga ciki zai faru ya danganta da abin da sauran bangon ya ba ta ta riƙe. Ban ce a cire Hausa ba, kuma malamar ma ba ta ce ba. Tambayar da ke gaban 'yarki ita ce yadda za ta bar kayanmu a tsakiyar bango, kuma baƙuwa ta ji an yi mata maraba. Ita za ta yanke wannan, kuma ta iya kare abin da ta yanke.

Ba ita ce ta fara fuskantar wannan tambaya ba, kuma yana da kyau ta san haka. A 2003 Sarah Joseph ta kafa mujallar Emel a Birtaniya, mujallar rayuwar Musulmi wadda aka tsara ta yadda wanda ba Musulmi ba ma zai iya ɗauka ya karanta. A 2017 Edward Enninful, haifaffen Ghana, ya zama editan Vogue ta Birtaniya, mujallar sutura da kwalliya da take fitowa tun 1916. A fitowar Mayu 2018 ya sa Halima Aden, 'yar Somaliya da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, a bango da ɗankwalinta tare da wasu mata takwas. A fitowar Yuli 2021 Malala Yousafzai ce a bangon, da jan mayafi. Ta nemo wannan bangon na Malala ta zuba masa ido. Mayafin yana nan, ba a ɓoye shi ba, ba a rage shi ba, shi ne ma abin da ido yake fara kamawa. Amma ta duba yawan rubutun da aka bari ya raɓe shi, da yadda aka bar fuskar ta sha iska. Waɗannan misalai ne da za ta iya kafa hujja da su.

Kuma akwai wurin kafa hujjar. Tare da mujallar ana miƙa wani gajeren rubutu, kimanin kalmomi 500, inda ɗalibi yake bayyana manufarsa: me zai yi, don wa, da wace dabara. Darasin kansa a kan ginshiƙai huɗu yake tsaye, harshen kafafen yaɗa labarai, da yadda ake wakiltar mutane a cikinsu, da masana'antar, da masu karɓar saƙo. Yarinyar da ta ɗauki Musulma baƙar fata 'yar Afirka ta Yamma ta sa ta a bango cikin kwalliya da izza, ba a matsayin abar tausayi ba, ta riƙe ginshiƙi na biyu da ƙarfi. Wannan jari ne a hannunta wajen maki. Ta koma ta karanta abin da ta rubuta a bayanin manufar, ta ajiye shi kusa da bangon, ta ga ko suna faɗin abu ɗaya.

Layi na uku kuwa, Hajiya, daga ke har ita kun tsallake rabinsa. Malamar ta ce hoton yana da ƙarfi. Mene ne a cikin hoton? Atamfa ce, da ɗaurin ɗankwali, da ƙunshi. Wato abin da ya fi komai zama namu a duk bangon, shi ne abu ɗaya da ta yaba, kuma kukanta shi ne an rufe shi. Wanda ba ya son kayanmu ba zai ce a buɗe su a gani da kyau ba. Ki zaunar da yarinyar ki karanta mata wannan layin a hankali, ki tsaya a kan rabin farko. Ki tuna mata cewa ita ta ɗauki hoton nan da hannunta, ita ta zaɓi haske da tsayuwa, a darasin da ake buƙatar hotuna su zama na ɗalibi ba na intanet ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba ina cewa babu wariya a makarantun Ingila ba. Akwai, kuma 'ya'yanmu suna jin ta a jikinsu tun kafin su iya ba ta suna, don haka kada ki ce mata tunaninta ne kawai. Ki tambaye ta ko akwai wani abu da ya taɓa faruwa a ajin wanda ba ta faɗa miki ba, ki saurara har ta gama. Abin da zai raba miki gardama shi ne inda maganar malama ta dosa. Da ta ce suturar ba ta dace da mujalla ba, ko a sauya yarinyar da ke hoton, ko ana yi wa wasu bayanin da ake hana 'yarki, da na ce ki rubuta wa shugaban sashe yau ɗin nan. Layukan da kika kawo mini kuwa duka a kan shafi suke, a kan girma da launi da masu karatu. Da su kaɗai ba ki da ƙara, kuma zuwa wurin shugaban makaranta yanzu zai ɓata tsakanin yarinyar da mutum ɗaya da take buƙata a watannin nan.

Ki riƙe wannan dai a hannu. Kafin makaranta ta aika maki ga hukumar jarrabawa, wanda ake yi a watan Mayu, dole ta sanar da ɗalibi makin da aka ba shi, kuma yana da haƙƙin neman a sake dubawa. Wanda zai sake dubawar ba zai zama wanda ya ba da makin farko ba. Makin yana iya hawa, yana iya tsayawa, yana iya sauka, kuma kwanakin da ake bayarwa ba su da yawa, don haka ki nemi takardar tsarin makarantar a kan wannan tun yanzu ki ajiye.

Amma komawa wurin malama, ita za ta koma, ba ke ba. Mun tarbiyyantar da su kada su ja magana da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai a can malami yana jiran ɗalibi ya dawo da tambaya, in bai dawo ba sai a ɗauka ya gane ko bai damu ba. Ta sauke takardar da ke nuna yadda ake raba maki daga shafin hukumar, a buɗe take ga kowa, ta karanta abin da ake nema a mataki na sama. Sannan ta je da tambayar da malamar za ta iya amsawa. In ta ce me zan cire, za ta sake jin ba ni da iko. In kuwa ta je da bango iri biyu da ta gwada, da amsoshin mutum goman nan, ta ce ga abin da na fahimta daga maganarki, ga abin da na yi da dalilina, na kama hanya ko ban kama ba, to ta ba malamar abin da za su tattauna a cikin doka.

Shi kuma maigida, ki same shi ku biyu, ba a gabanta ba. Ki ce masa maganar kimiyya ta wuce tun shekara biyu, yanzu abin da ya rage 'yan watanni ne, kuma yarinyar da ta daina cin abinci ba ta buƙatar jin cewa tun farko ta yi kuskuren zaɓi. Ki roƙe shi ya ce ta nuna masa mujallar, ya tambaye ta yadda ta ɗauki hoton. Idan rashin cin abincin ya wuce mako, ko barci ya ƙaurace mata, ki sanar da malamin da ke kula da ajinsu, ku ga likita.

Ki tambaya mata ranar da makarantar ta sa a miƙa aikin, domin takan riga ranar hukuma da makonni. Duk gyaran da ta yi ta ajiye shi da sabon suna da kwanan wata, kada ta goge na baya, ta adana ainihin hotunan yadda suka fito daga kyamara, ta kuma ajiye kwafin komai a wuri na biyu.